Wani Mutum Da Bai Bar Suna Ba

Ranar da Malama ta rubuta tambayar a kan allo, ni ce na fara jan tsaki. An tara mu manya da mu, wasu har da furfura, a ɗakin ƙasa na laburaren unguwa, kan kujerun da aka yi don yara, gwiwoyinmu na gogar ƙasan tebur, wai a tambaye mu wane ne ɗan ƙasa nagari. Ni da na baro zannuwan gado tuli a ɗakin gugar otal, na yi ta roƙo kafin a musanya mini ranar Asabar, ashe abin da zan zo ji ke nan.

Amma dole ce ta kawo mu. An fito da sabuwar doka cewa duk baƙon da ya shekara goma a ƙasar zai iya neman takardar zama ta dindindin, in ya cika sharaɗi biyu. Na farko, ya halarci wannan aji na mako takwas. Na biyu, ya kawo shaida a rubuce, mai sunansa da kwanan wata da hatimi, ta kowace shekara cikin goman. Wanda ya nema bai cika ba, a ba shi kwana talatin ya tattara nasa ya nasa. Ni ban ji tsoron komai a kan kaina ba. Saboda Kawu hankalina bai kwanta ba, kuma sai da na yi kamar zan ɗauko shi a ka kafin ya yarda ya biyo ni.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Ya zo jinyarta shekara goma sha ɗaya da suka wuce da takardar ziyara ta wata uku, ta rasu a wata na biyar, shi kuma bai koma ba. Ina zai koma? Matarsa ta riga ta rasu, ba ɗa ba jika, gidan da aka haife su ma an rushe an yi titi a wurin. 'Ya'yana mata biyu su ne jikokinsa. Yana kwana a ɗan ɗakin da ke jikin kicin ɗinmu, yana gyaran takalma a bayan shagon wani tela. Uwata yake kirana, don sunan tsohuwarsa na ci.

A bakin ƙofar ajin akwai littafin rajista. Kawu ya tsaya yana kallonsa, hannayensa a baya.

"Kawu, rubuta mana, mutane na jira."

"Ba sai an rubuta ba, Uwata. Ai ga ni a tsaye."

Na fizgi biron na rubuta masa, suna da sunan mahaifi da lambar gida, da manyan baƙaƙe. Har na ja layi a ƙasa don kar wani ya ce bai gani ba.

Malama yarinya ce 'yar ƙasar, mai yawan murmushi, irin mutanen da kake so ka ji haushinsu amma ba su ba ka dalili ba. Ta ce kafin ta gaya mana yadda abin yake a nan, kowa ya faɗi yadda ake gane ɗan ƙasa nagari a inda ya fito.

Wani ƙaton direban tasi ne ya fara, wanda kujerarsa ke kuka duk ya motsa. "A wurinmu mai sauƙi ne, Malama. In aka ce a fito a yi tafi, ka fito ka yi tafi. Ka koma gida, ka rufe ƙofa, ka yi zaginka a hankali. Shi ke nan ka zama nagari."

Wata nas da ke kusa da shi ta girgiza kai. "Mu a wurinmu layi ne. Wanda ya tsaya a layi bai tsallake ba, ko da ƙaninsa ne ke zaune a teburin. Na taɓa ganin mutum ɗaya haka."

"Yana da rai?" in ji Direba.

"Yana nan. Har yanzu bai kai gaba ba."

Mai Biredi, wani siririn dattijo da gari ba ya rabuwa da girarsa, ya ce su a wajensu nagarta ba ta da haɗi da hukuma. Wanda baƙo ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya buɗe, ya ciyar da shi, bai tambaye shi daga ina ba, wannan shi ne mutum.

"In ɓarawo ne fa?"

"Sai ya tafi da ƙoshi."

Da aka zo kaina ban yi wata-wata ba. Na ce ɗan ƙasa nagari shi ne wanda ba ya yin shiru. Na ce tun da na shiga ginin da muke haya, babu watan da ban rubuta wa ofishin gidaje takardar ƙorafi ba, a kan famfo, a kan makullin ƙofar waje, a kan ƙwan fitilar matakala da ke mutuwa kamar an yi masa baki. Nan take Direba ya raɗa mini Uwar Ƙorafi, sunan ya bi ni har yau.

Kawu ne na ƙarshe, ni ke fassara masa a ajin don yaren ƙasar bai zauna masa ba. Ya miƙe tsaye, ko da yake babu wanda ya miƙe kafinsa, ya gyara wuyan rigarsa.

"A wurinmu, Malama, mutumin kirki shi ne wanda ya yi rayuwarsa ya gama, hukuma ba ta taɓa rubuta sunansa ba. Ba a littafin alƙali ba, ba a na 'yan sanda ba, ba a na masu rabon taimako ba. In sunanka ya shiga littafi, to ko ka yi laifi ne, ko ka zama kaya a wuyan mutane. Ranar da mahaifinmu ya rasu, abin da dattawa suka yabe shi da shi ke nan. Suka ce ofis bai san shi ba." Ya ɗan sunkuyar da kai. "Ni dai fasfo ya ɓata mini, dole ce ta sa. Amma ban ƙara ba."

Malama ta dafa ƙirji ta ce ba ta taɓa jin magana mai kyau haka ba, ta rubuta ta a allo. Ni kuwa ban ga kyanta ba, don a gefen allon an manna takardar dokar, sharaɗi na biyu yana kallona.

A mako na uku aka ce kowa ya kawo shaidarsa a duba. Nas ta zo da fayil mai launi-launi, kowace shekara da aljihunta. Direba ya zazzage buhun leda a tebur, duk takardun laifin hanya ne: tsayawa inda aka hana, gudu, wuce jar danja. Babu shekarar da ya tsallake, wata shekarar ma babu watan da ya tsallake. Malama ta duba ta duba, ta ce cikin sanyin murya, "Waɗannan sun isa."

"Kun gani?" in ji Direba, yana buga ƙirji. "Matata tana ta faɗa, ashe ƙasa nake yi wa hidima."

Nawa kuma amsoshin ofishin gidaje ne, ɗauri guda da na ɗaure da roba. Kusan duka abu ɗaya suke cewa: ma'aikacinmu ya zo, ya tarar ƙwan fitilar yana aiki. Ma'aikacinmu ya zo, ya tarar makullin lafiya. Shekara biyar na yi ina cewa maƙaryata ne, ina sake rubuta musu wadda ta fi ta baya zafi. Sai a ta shida, wata safiya na dawo ɗaukar laima, na tarar da Kawu a hawa na biyu a kan kujera 'yar tsugunno, sabon ƙwai a hannu, tsohon a aljihu. Ranar na yi masa rashin kunyar da har yau nake jin nauyinta. Na ce ya mai da ni mahaukaciya a idon ofis. Ya ce, "Ki bar su su huta, Uwata, suna da manyan ayyuka." Ban daina rubutu ba, shi ma bai daina gyara ba. Malama ta ƙirga takardun nan ta ce nawa ya fi na kowa cika.

Kawu ya buɗe tasa 'yar jakar. Fasfo da ya daɗe da mutuwa, da hoton mahaifiyata. Malama ta jawo kujera kusa da shi.

"Baba, asibiti fa? Ko sau ɗaya?"

"Allah ya kiyaye. In zazzaɓi ne nakan kwanta ya wuce."

"Banki?"

"Me zan ajiye?"

"Waya?"

"Ta surukina ce, ya ba ni."

"Wurin aiki?"

"Tela ne ya ce ga lungu, in zauna. Ba mu rubuta komai ba, mu ba yara ba ne."

Na tuna da maƙabarta, na ce ai akwai littafin da ake sa hannu in za a binne mutum. Kawu ya kalle ni kamar na faɗi abin kunya. Ranar jana'izar mahaifiyata an miƙo masa biro, shi ya tura maigidana gaba ya ce shi ne mai gida, shi ya cancanta. Murmushin Malama ya gudu, ban sake ganinsa sosai ba har aka gama ajin.

Daga ranar darasi ya koma gefe, aji ya koma kan Kawu. Abin da ya ba ni haushi kuma ya ba ni tausayi shi ne kowa maganin garinsu ya kawo. Direba ya ja ni gefe ya ce ya san wani mai na'ura da zai iya haifo takardun shekara goma a yini ɗaya, hatimi da komai. Kawu ya ji, ya ce in an sake wannan magana a gabansa ba zai ƙara taka ajin ba. Bai taɓa ɗaga murya a gabana ba sai ranar. Nas ta ce a bi layi, a tattaro wasiƙun maƙwabta, a kai yadda doka ta ce. Mai Biredi ya ce akwai ɗaki a saman gidan biredinsa, da ɗumi, babu mai hawa.

"Ya zo ya zauna. Ba zan tambaye shi sunansa ba."

"Ai an riga an rubuta," in ji Nas. "Rajistar nan duk mako ake aika ta ofishin baƙi."

Mai Biredi ya juyo ya dube ni. Na yi kamar ina neman abu a jaka.

Na bi shawarar Nas, na kuma ƙara da tawa. Ranar Lahadi na bi ginin ƙofa-ƙofa, hawa biyar. Kowa ya san shi. Tsohon matakala, haka suke ce masa. Matar hawa na huɗu ta ce shi ke ɗaukar mata kaya in ta dawo kasuwa. Wani mai gadi ya ce shi ya gyara wa 'yarsa takalmin makaranta, ya ajiye a bakin ƙofa ya tafi. Da na ce su rubuta, sai kowa ya tsaya da biro a sama ya ce, "Af, mene ne ma sunansa?" Mutum uku sun ɗauka ma'aikacin ofishin gidaje ne, ɗaya har ya ce ya taɓa rubuta wa ofishin godiya saboda shi. Na samu wasiƙa tara. Malama ta karanta ta ce suna da kyau, amma doka ta ce wasiƙar maƙwabci tana tallafa wa shaida ne kawai, ba ta tsayawa ita kaɗai. Tawa kuwa, da ta maigidana, ba a ma karɓa, mu dangi ne.

Na rubuta wa ofishin baƙi, na rubuta wa wakilin unguwa, na rubuta wa jarida. Amsa ɗaya ta zo, ta ce an karɓi saƙona.

A mako na shida Malama ta ce masa, "Baba, ka yi tunani. Shekara goma sha ɗaya. Babu ranar da wani abu ya faru, hukuma ta zo, kana wurin?"

Ya ce babu. Ni ce na tuna. A shekara ta bakwai tsohuwar hawa na uku ta faɗi a matakala, kanta ya fashe. Kawu ne ya tarar da ita. Ya cire rigarsa ya danne wurin, ya kira motar asibiti da wayarta, ya zauna da ita. Ya dawo gida da singileti, hannu duk jini, ya ce in ba shi ruwa.

"Ka ba su sunanka?" Malama ta tambaya.

"Da na ga sun karɓe ta sai na hau sama. Me zan tsaya yi? A ce ina jiran a gode mini?"

Duk da haka Malama ta bi abin. Ta ɓata ranakun hutunta biyu a ofishin motocin asibiti, ta dawo da kwafin rahoton, shafi ɗaya. Ta karanta mana a aji: mun tarar da wani mutum da bai bar suna ba ya danne jinin, wanda ba don haka ba da ba ta kai asibiti ba. Direba ya share ido da bayan hannu ya ce ƙurar ɗakin nan ta yi yawa. Na je gidan tsofaffin da aka kai matar, ko za ta shaida. Ta riƙe hannuna ta yi ta kirana da sunan ƙanwarta.

Ranar da aka sa mana ta ganawa, muka isa ofishin baƙi da ƙarfe takwas na safe. Kawu ya sa rigarsa mai kyau, ya goge takalminsa har kana ganin fuskarka. Ni aka fara kira. Ma'aikacin ya juya ɗaurin takarduna, ya yi 'yar dariya ya ce da alama ƙwan fitila ya wahalar da ni. Minti goma aka gama.

Da aka kira Kawu na bi shi a matsayin mai fassara. Na so a ce ma'aikacin nan mugu ne, da na samu wanda zan zaga. Mutum ne mai gajiya, da tabarau, da hoton 'ya'yansa a gefen kwamfuta. Ya duba fasfon ya ce wannan ya nuna an shigo, bai nuna an zauna ba. Ya karanta wasiƙu taran ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ya karanta rahoton sau biyu.

"Wannan mutumin kirki ne," ya ce.

Na fassara. Kawu ya sunkuyar da kai don kunya.

"Amma kowa zai iya cewa shi ne."

Wannan ban fassara ba. Na tashi tsaye na fara. Na faɗi ƙwan fitila, na faɗi makulli, na ce duk takardar da ke cikin fayil ɗina aikin hannun wannan tsohon ne, ku raba biyu ku ba shi rabi. Na ce ga can direba da ya shekara goma yana taka doka kun ba shi, wanda bai taɓa taka ko tururuwa ba za ku kore shi? Ma'aikacin ya bar ni na gama, ya cire tabaransa.

"Na yarda da ke. Amma abin da na yarda da shi ba shi da gurbi a cikin fom ɗin nan." Ya rage murya. "Gaskiya, da ba a shigar da sunansa ba, mu ba mu san da shi ba. Babu mai neman sa. Yanzu kuwa ya shiga, ni kuma ba ni da ikon cirewa."

Na koma na zauna.

Na'ura ta fitar da takarda, ya buga hatimi, ya miƙa wa Kawu da hannu biyu. Kwana talatin. Kawu bai iya karanta yaren ba, amma ya gane sunansa a sama, da manyan baƙaƙe, da sunan mahaifinsa a gefe. Ya daɗe yana kallo.

"Har da na Baba suka sa," ya ce.

Muna cikin bas, mun kusa sauka. Takardar na kan cinyarsa, ya kife ta.

"Shekara saba'in da ɗaya, Uwata. Saura kaɗan in gama."

Bai tambaye ni wa ya ba su sunan ba. Yana tsaye a bayana ranar da na rubuta, ya ga har layin da na ja. Da ya zage ni da na samu sauƙi, amma har ya tafi bai ɗaga maganar ba.

Mai Biredi ya zo har gida ya sake yi masa tayin ɗakin. Kawu ya yi godiya ya ce a'a. Hukuma ta ce ya tafi, in ya ɓuya sai su sake rubuta shi a wani littafin, wanda ya fi wannan muni. Cikin kwana talatin ɗin ya gama duk takalman da ke hannunsa, ya mayar wa masu su. Ya je kabarin mahaifiyata sau huɗu. Ya koya wa babbar 'yata yadda ake kashe ruwan gidan in famfo ya fashe. Ƙaramar ta ɓoye masa fasfo a cikin tukunya, ya nemo shi ya wanke murfin tukunyar ya mayar.

Asabar ta rufe aji sai bayan tafiyar Kawu aka sa ta, ban so zuwa ba, Nas ce ta matsa. Malama ta raba mana takardar kammalawa, har da ta Kawu, ta ce in aika masa. Tsarin darasi ya ce a ranar ƙarshe a koma kan tambayar farko, a ga ko ra'ayin wani ya canja. Ta rubuta ta a allo, ta juyo ta dube mu. Direba yana kallon takalminsa, wanda Kawu ya sa wa sabon dunduniya. Babu wanda ya ɗaga hannu. Can Malama ta ɗauki tsumma ta goge, ta ce mu tafi gida.

Kawu yakan kira daga can gida ranar Juma'a, da wayar wani mai shago. Yana kwana a ɗakin ajiyar wani jikan abokinsa, ya ce lafiya lau, kullum lafiya lau. Tarin da nake ji a muryarsa ya ce layin waya ne.

Kwana tara da tafiyarsa ƙwan hawa na biyu ya mutu. Matakalar ba ta da taga, ko da rana sai ka lalubi bango. Na zauna na rubuta wa ofishin gidaje, don ban san wani abin da zan yi da hannuna ba. Amsar ta zo rana ɗaya da katina na zama na dindindin, ambulan biyu a akwati ɗaya. Na buɗe tasu a tsaye a bakin matakala. Ta ce ma'aikacinmu ya zo, ya tabbatar ƙwan ya mutu, an sa ku a layi.

Shekara goma sha ɗaya ina jira su ce na yi gaskiya. Na ninke takardar na sa a jaka, na dafa bango na fara hawa.